Shekarar da Na Riƙa Ɓalle Dangar Awaki

Bari in fara da wautata, tun da kun riga kun san ta, kuma na san kuna ba jikokina labarinta in na juya baya. Gaskiya ne. Tun ranar da aka ɗora mini salula mai shafawa a hannu, ban taɓa aika bokal ba, wato saƙon murya, sai na fara gaida masu saurare. In danna, in gyara murya, in ce, "Salamu alaikum ku na tsakani, sannunku da aiki, ku ba ni hanya zan yi magana da ɗana." Sannan in shiga abin da ya kawo ni. In na ƙare kuma in yi musu sai an jima. Kun sha dariya, kun ce Baba ba kowa a ciki, na'ura ce. Ni dai lakwal ɗina, wato makarantar boko, bai kai shekara ba, mushe malaminmu ya duba kaina ya ga ya fi dacewa da ɗaukar itace, ɗan bokon da nake rubuta wannan da shi ma a ajin tsofaffi na tsince shi. Amma ban ga yadda magana za ta tashi daga Tawa ta ƙetare hamada ba wanda ya ɗauke ta ba, kuma tun da nake ban taɓa ganin ɗan aike marar kunne ba.

Ba don in wanke kaina daga wannan na zauna rubutu ba. Tun rasuwar innarku Habsu, Allah ya jiƙanta, nake jin maganganu biyu suna yawo a gidan nan. Ɗaya wai ni na janyo yayanku Illiyasu daga aikinsa mai kyau a arewa don in samu mai yi mini noma. Ɗaya kuma wai innarku ba ta taɓa son shi kamar yadda ta so ku ba. Ta farkon akwai ɗan ƙamshin gaskiya a jikinta, zan zo wurin. Ta biyun ce ta hana ni zama, don ku da kuka tashi a birni kun ga abu da idonku, ba ku san abin da kuka gani ba.

Illiyasu ɗan fari ne. A ƙauyenmu, can gefen Affala, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta ɗaga ido ta dube shi in da wani a wurin. Haka ta taras, haka uwarta ta yi, haka uwata ta yi da yayana. Ana yaye shi aka kai shi ɗakin tsohuwata, ya tashi yana ce wa kakarsa Inna, yana ce wa wadda ta haife shi Yaya. Ita kuma in dole ta kama ta yi zancensa sai ta ce "wancan", ko "yaron Tsohuwa". Ranar da ya faɗo daga kan jaki hannunsa ya karye, aka shigo da shi yana kururuwa, innarku tana daka a tsakar gida. Ba ta ajiye taɓarya ba, ba ta waiwaya ba. Mata suka yi ta yaba ta, suka ce wannan ɗiyar gidan mutunci ce. Ni kaɗai na lura tuwon ranar ya ƙone ƙurmus, abin da ban taɓa gani a hannunta ba kafin nan ko bayan nan.

A zamanin, kamar kowane namijin Adar, da an ɗaure hatsi sai in kama hanyar Abijan cin rani. Na yi tallan turare, na yi na agogon da ba ya kwana yana tafiya, ban yi arziki da ko ɗaya ba, don bakina ya fi hannuna aiki. Abin da aka san ni da shi ɗaukar kaset ne. Ni ne mai yawan zuwa da komawa, saboda haka kowane gida in za su aika magana ga nasu, ni suke ba. Ku ba ku ga yadda ake cika kaset ba. A aro rediyo, a sayi pil, wato batir, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa ya yi tsit kamar liman zai ta da salla. Tsoho ya fara, sai kawunnai, sai samari, mata su zo a ƙarshe, zakara da jaki kuwa su shiga inda suka ga dama ba wanda ya gayyace su. In na isa Abijan, 'yan garinmu duka su taru a ɗaki guda, a kunna kaset ɗin kowa gaban kowa. Mutum ya ji muryar tsohuwarsa ya sunkuyar da kai, na kusa da shi ya zungure shi. Daɗi ne da ban sake jin irinsa ba. Amma saboda kowa ya san za a kunna ta gaban jama'a, ba mai faɗin abin da ba zai iya faɗi a kasuwa ba. Da Illiyasu ya girma ya fara tafiya shi ma, in an miƙa wa innarku rediyo, rabonta bai taɓa wuce wannan ba:

"A gaida mutanen can. A riƙe salla. A bar yawon banza."

Ba suna, ba ko "kai". Sai ta tashi ta koma madafa.

Shekaru suka ja, muka dawo Tawa da zama, na koma dillancin bisashe a kasuwar Lahadi, gonar Affala muna zuwa mata da damina. Kaset ta mutu ba wanda ya yi mata zaman makoki. Illiyasu ya bar hanyar kurmi ta Abijan ya koma ta arewa, wata ƙasa bayan hamada da ba zan faɗi sunanta ba, don har yau akwai 'yan garinmu a can da takardunsu ba su cika ba. Ya samu aikin gini wurin wani mutumin kirki, ya daɗe bai zo gida ba. Shi ya aiko mana da salula biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta innarku, da abin nan a ciki da ake aika bokal, wanda rediyo ke ce wa manhaja, sunansa na ainihi kuwa ya fi ƙarfin harshena. Maƙwabciyarmu Madam Salome, malamar lakwal, Kirista ce daga wajen Maraɗi, ita da innarku kamar ciki ɗaya suka fito, ita ta zauna ta koya mata. Ina gefe ina shan shayi ina jin su.

"Ki danna nan, Habsu, ki riƙe, ki yi maganarki, ki saki. Shi ke nan ta tafi."

"Ta tahi ina?"

"Wurinsa."

"Shi ɗai?"

"Shi kaɗai."

"Ba a kunna ta gaban mutane?"

"Sai in shi ya ga dama. Yana ma da abin sawa a kunne, ko na kusa da shi ba zai ji ba."

Innarku ta juya salular a hannunta, ta ce ita wannan shirme bai dame ta ba, ta ƙulle ta a bakin zane. Na yarda da ita. Wautata ta biyu ke nan, in kuna tara su.

Wata Lahadi na sayar wa wani mutumin Abalak rago da na rantse masa bai taɓa tari ba, ragon ya dube ni ya yi tari. Na ga zaman kasuwa bai kama ni ba, na sulale gida bayan azahar, na shigo ta ƙofar baya wajen rumbu. Sai na ji murya a garken awaki, ƙasa-ƙasa, kamar mai rarrashin jariri. Na leƙa ta tsakanin rumbu da danga. Innarku ce zaune a kan kifaffen turmi, awaki na cin dusa a gabanta, salula a bakinta. Kuma da kunnen nan nawa na ji ta ce, "Illiyasu." Tun da aka raɗa wa yaron nan suna ban taɓa jin shi a bakinta ba, ga shi ta faɗe shi a hankali, kamar mai taɓa ruwa ta ji ko ya huce.

"Illiyasu, ka san kanwar da nike zuwa aro ɗakin Tsohuwa kullum, lokacin da anka yaye ka? Ba ni da buƙatar ta. Kanwa na nan cike da ɗan tulu ƙarƙashin gadona. In je in tsaya bakin ƙohwa in ce a ba ni kanwa, Tsohuwa ta yi ta laluben ta da gangan, ni ko ina kallon ƙahwahunka ta ƙasan labule."

Ni da aka sani da baki, ni da in na ji sirri da safe kafin la'asar ya kai tasha, ranar na ja ƙafa na fita na sake shigowa ta ƙofar gaba da sallama mai ƙarfi. Ban faɗa wa kowa ba. Sai dai gaskiya, washegari na koma bayan rumbu. Jibi ma haka. Ya zama mini aiki, kullum bayan azahar, in kun watse kowa ya tafi harkarsa. Cinnaku sun ci rabonsu a ƙafafuna ban ko motsa ba. A nan na ji labarin ranar jaki daga bakinta, yadda ta ciji leɓe har ya fashe tana daka. A nan na ji tana yi masa waƙar da ba ta samu ta yi masa ba yana goye. In ta gama sai ta kunna amsarsa ta kara a kunne, wani lokaci iska ta kawo mini kaɗan. Ƙaton mutum mai gemu da 'ya'ya, yana magana kamar yaro, kuma ba Yaya yake ce mata ba. Inna yake cewa. Tsohuwata ta riga ta rasu, sunan ya samu mai shi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, suna haka. In kun tuna lokacin da innarku ta yi ƙiba, take dariya har a ga wushiryarta, kuka ce maganin likita ne ya karɓe ta, to ga maganin.

Sai shekarar da nake son ba ku labari ta zo. Bokal ɗin Illiyasu ya ɗauke ɗif. Muka ce rezo ne, wato sabis ɗin waya, muka ɗaga salula sama, muka hau kan katanga, shiru. Innarku ba ta tambayi kowa ba, ai ba ta da bakin tambayar wancan, sai dai ta riƙa kwance bakin zane tana dubawa tana ƙullewa. Can bayan wasu makonni ya kira ni ta layi, irin kiran nan mai cin kiredi, kuɗin waya, kamar wuta, a gurguje. Ya ce hukumar ƙasar ta rufe manhajar. Wai ta mutanen wata ƙasa ce mai nisa, wai duk abin da jama'a ke yi a cikinta can ake kwashewa a ajiye, ba a san abin da ake yi da shi ba. A kwanakin rediyo ma ta ɗauki zancen, aka ce ƙasashe da dama sun fara sa wa irin waɗannan abubuwa takunkumi, namu manyan ma suna duba lamarin.

Ku zo ku ga tsoho ya samu rana. Na fito tsakar gida ina taka rawa da carbi a hannu.

"Ina masu dariya? Ku hito! Wa ac ce ba kowa ciki? Ga gwamnati guda ta tabbatar da maganata. Ni da ba ni da lakwal, ni ɗai nis san da su, har gaisawa mukai! Duk wanda yat taɓa yin gulma cikin salula, Nasara na da ita ajiye cikin sito!"

Kuna ta dariya, ina ta ƙarawa. Ban lura da cewa tankaɗen da innarku take yi ya tsaya ba sai da na juyo. Ta kakkaɓe hannu, ta ja mayafi, ta shiga gidan Madam. Na bi ta a baya kamar ɗan akuya, don jikina ya ba ni na taka wani abu.

"Salome, ke kinka ce mini shi ɗai."

Madam mace ce da ba ta iya ƙarya ba ko don a ji daɗi. Ta ajiye jan biron da take gyaran takardun yara da shi.

"Haka na sani, Habsu. Masu abin sun ce maganar a kulle take tafiya, su ma ba sa iya buɗewa. Ba wai wani ne zaune da kunne yana jin ki ba, kamar yadda maigidanki yake faɗi."

"To mi anka ajiye?"

"An ce suna sanin wa ke magana da wa, da yaushe, da daga ina. Sauran kuwa, ni ban shiga ɗakinsu na gani ba, ba zan rantse miki ba."

"Amma ana ajiye wani abu."

"Ana ajiye wani abu."

A nan dariyata ta ƙare, don abin da Madam ta faɗa na san shi fiye da ita. Shekarun da na yi ina ɗaukar kaset ban taɓa kunna ta wani a hanya ba, ba don tsoron Allah kaɗai ba, ban da buƙata ne. Daga jakar kawai nake karanta gari. Na san wanda gidansu suka cika masa biyu, na san wanda matarsa ta daina sa baki, na san wanda zai tsaya bakin ƙofa yana kallon hannuna har jakar ta ƙare ba tasa. Na san auren da zai mutu kafin masu shi su sani. Mai ɗaukar saƙo ba sai ya buɗe ba. Saboda haka ban taɓa cewa hukumar can ta yi ƙarya ba. Abin da na ce, kuma har yau nake cewa, da suka tashi rufe ƙofa don kada baƙo ya leƙa, ba su tambayi wa ke tsaye a bakinta ba.

Ba a daɗe ba samarin can suka gano wata ɓarauniyar hanya da ake sa wa salula ta zagaye takunkumin. Bokal ɗin Illiyasu ya dawo, har da yawa a jere. Na ruga bayan rumbu ina murna. Innarku ta zauna a kan turmi, ta saurare su duka. Sannan ta danna ta ce:

"A gaida mutanen can. A riƙe salla."

Ta saki. Na ji kamar an dawo da ni tsakar gidanmu na ƙauye gaban rediyo mai pil.

Na yi duk dabarar da na iya, ba tare da na nuna na san komai ba. Na ce a gabanta, kamar da iska nake, ai Nasara ba sa jin Hausar Adar, ko mutanen Kano ma sai mun maimaita musu. Na ɗauki salulata na zagi masu saurare tas, na ce in sun isa su rama, muka jira, ba wanda ya rama, na ce kin gani, kurame ne. Na ɗauki kukan bunsuru na aika, na ce su ajiye wannan ma a siton. Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun muna yara, ta ce in na gama in miƙo mata murfin tukunya. Madam ce daga baya ta gaya mini abin da ta faɗa mata. Ta ce ita ba kunyar Nasara take ji ba, ba ta san su ba, ba su san ta ba. Ta ɗauka maganar nan kamar numfashi ce, ta fita daga bakinta ta shiga kunnensa ta narke. Yanzu an ce akwai wurin da aka san kullum bayan azahar wata mata a Tawa tana neman ɗanta na fari, kuma ba ta san iyakar abin da aka sani ba. Uwarta ta shiga kabari ba wanda zai iya shaida ta taɓa yin haka. Ita kuma ta bar sawu.

Illiyasu ya kira ni ta layi.

"Baba, mi na yi ma Inna?" Sai ya gyara. "Ma Yaya."

Na yi kamar rezo ya cinye kalmar.

"Ba ka yi mata komi ba. Ka san halin tsohin mata."

"Ko ba ta da lahiya kuke ɓoye mini?"

"Lahiyarta lau, jiya ma ta kore ni da muciya."

Bai yi dariya ba. Ya ce kwanan nan an tsayar da wani ɗan ɗakinsu a shinge, aka duba salularsa aka ga ɓarauniyar hanyar, har yau ba su san inda aka kai shi ba. Ya ce shi bai cire tasa ba, don kada ta yi magana ba ya nan. Wato yaron nan yana yawo a ƙasar mutane, takardu ba su cika ba, da abin da zai iya kai shi kurkuku a aljihu, yana jiran muryar da na san ba za ta zo ba. A nan na yanke shawarar da kuke zargina da ita. Na ce masa gwiwata ta ƙi, gonar Affala ta fi ƙarfina, ya cire abin nan daga salula ya taho gida kafin ruwan shuka. Ya ce Baba in na taho mai gidana zai ba wani gurbina, hanyar komawa kuma ba kamar da ba ce. Na ce na sani. Gwiwar tana ciwo, wannan ba ƙarya ba ne, amma ba ta kai yadda na kai ta ba. Lissafina shi ne, in ya zo gabanta, ba na tsakani, ba sito, ba hukuma, sai ita da shi.

Tsoho da furfura, na manta garin da aka haife ni.

Ya iso da hantsi, na tarbo shi a tasha. Ya yi sallama ya shigo, gida ya cika da guɗa, ku kuna rungumarsa, matarsa tana kuka. Innarku tana bakin madafa tana tsince zogale. Ba ta ɗago ba. Ya je nesa da ita ya durƙusa.

"An zo lahiya?" ta tambayi zogalen.

"Lahiya lau, Yaya."

Ta dama fura da hannunta, mai yawan nono yadda yake so, ta miƙa wa ɗayarku ta ce a kai wa wancan. Abin da kuka gani ke nan kuka riƙe har yau. Na kawo shi kusa, kunya ta dawo da ƙarfinta duka, ga idanun gida, ga na maƙwabta. Aikin gini ya tafi, tubalin da ya aiko kuɗi aka buga don ɗakinsa ga su can har yanzu ruwa yana cinye su, mutumin da yake ɗora bene ya koma kabu-kabu da babur a titunan Tawa. Muna noman farko a Affala, ni da shi, ya tsaya ya jingina da hauya ya ce:

"Baba, can ina da uwa. Nan Yaya na taras."

Na buɗe baki in yi wasa kamar yadda na saba, wasan ya fito gurgu, na ce masa rana ta yi, mu je inuwa.

Da muka dawo Tawa bayan girbi na yi ta juya abin a raina. Na tuna ba ta taɓa yi masa magana ido da ido ba, kuma ba ta taɓa yi a wani wuri ba sai garken awaki, bayan azahar. To wata rana da hantsi, ba kowa a tsakar gida, na je na girgiza dirkar dangar garken na zare ta, na kwance igiya, kara ya zube. Na fito ina salati ina tsine wa bunsuru. Na aika a gaya wa Illiyasu ya zo ya gyara, amma sai bayan azahar, in rana ta ɗan karya. Ya zo ya durƙusa ta waje yana ɗauri, ita tana ciki kan turminta, ta ba dangar baya, tana zuba dusa. Ni ina inda kuka sani. Ya gama ya tafi.

Bayan kwana kaɗan bunsuru ya sake ɓarna. Ya kuma sakewa. Kun tuna yadda kuka taso mini a yanka shi ko a kai shi kasuwa, na ce bunsurun gado ne, ba mai taɓa shi? A kasuwar Lahadi na saye shi, ko shekara bai yi a gidan ba. Allah ya yafe mini ƙazafin da na yi wa dabbar nan, ta tafi lahira da laifin da ba nata ba.

Ban san ko a karo na nawa ba ne, yana ɗauri, sai na ji innarku ta yi gyaran murya ta dubi jar akuyarta.

"Ke Ja, kin rame. Kina yawo bisa babur cikin rana ba rawani, ba ki tsayawa ki ci abinci. Wa kike so ki bar ma ɗiyanki?"

Hannun Illiyasu ya tsaya a kan igiya. Sannan ya ce, da dangar yake magana:

"Akuyar ta ce ta ji. Gobe za ta naɗa."

"Ta riƙa biyowa nan da azahar. Akwai ɗumame."

"Ta ce to, Inna."

Cinnaka ya kama ni a cinya daidai lokacin, na danne bakina da hula.

Daga ranar jar akuyar nan ta sha labari. Ta ji na kanwa tun daga farko, ta ji na jaki, ta sha faɗa a kan taba, ta sha albarka. Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya koma yadda yake ba. Sunan nan ban sake jin shi a bakinta ba har ta bar duniya, da salula ya zo, da ita ya tafi. Waƙar ma ba ta sake yi ba. Shi kuma aikin arewa bai dawo ba, kuma na san akwai ranakun da yake kallon tubalin nan yana kallona. Wannan nauyin nawa ne, ba na innarku ba. Manhajar na ji an buɗe a can, na ji an sake rufewa, namu kuma har yau suna magana. Ni dai ina nan ina gaida masu saurare, sai dai yanzu daga gaisuwa ba na ba su komai.

Saura abu ɗaya. Wata rana da hantsi ina tsugune na rungumi dirka ina girgizawa, sai na ga inuwa a kaina. Innarku ce da ƙwaryar dusa. Na ce gara nake dubawa, gara ta yi yawa bana. Ta tsaya tana kallona, ni da dirka a hannu kamar ɓarawon da aka haska. Cewa ta yi:

"Malam, ka riƙa ɓalle ta wajen gabas, can ya hi inuwa, yaron na shan rana. Kai ko ka koma bayan rumbunka, ka zuba toka don cinnaku. Tun ranar hwarko nike ganin ƙahwarka. Kunnenka ban taɓa sa shi cikin na baƙi ba."